An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Magana Kan Masu Ɗaura Wufa a Mota



Yau bakin titi muka nufa, wajen masu haɗa kayan sauti a mota. Labarin kusan iri ɗaya ne, ko a Kano ko a Kaduna ko a Zariya. Saurayi ya tara kuɗinsa, ya shiga kasuwa ya sayo amfilifaya da wufa, ya kai wa mai wayarin ya ɗaura masa a but. Ranar farko har ƙasa girgiza take yi. Kafin sati ya zagayo fitilun gaba sun fara lumshewa duk lokacin da ganga ta buga, wani kuka irin na sauro ya shiga sifiku, da safe kuma sai an tura motar. Ya koma wajen wanda ya yi aikin, sai a ce masa batirinsa ne ya tsufa. Ya sayi sabo. Bayan kwana uku a ce altaneta ce. Daga nan a ce ai amfilifayar jabu ce, dama kayan yanzu ba su da aminci.

Matsayinmu a fili yake: mafi yawan waɗannan matsaloli daga hannun wanda ya haɗa wayoyin suke, kuma tura mutum kasuwa ya sayo sabon abu kafin a ɗora mita a auna zalunci ne, ko da mai yin sa bai yi niyyar cuta ba. Lantarkin mota ba gaibu ba ne. Tun shekarar 1827 Bajamushen nan Georg Ohm ya bayyana alaƙar da ke tsakanin ƙarfin wuta da yawanta da turjiyar waya, kuma wannan lissafin ne dai ke aiki a but ɗin Golf da Corolla har gobe. Duk wanda ya karɓi kuɗin wannan aiki ya kamata ya san shi, domin wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Mu fara da abin da ya fi komai haɗari, wato fis. Wayar da ke ɗauko wuta daga batir zuwa but doguwa ce, tana ratsa ƙarfen da ya raba injin da cikin mota, tana bi ta ƙarƙashin kafet. Ƙa'ida ita ce a sa mata fis kusa da batir, kada tazarar ta wuce santimita 45, sannan a sa roba a ramin da ta ratsa don kada ƙarfe ya yanke ta. Sau nawa muka ga an ja wayar nan tsirara babu fis, wai ai amfilifayar tana da nata? Fis ɗin da ke jikin amfilifaya ita kaɗai yake karewa. Idan wayar ta goge ta taɓa jikin mota a tsakiyar hanya, batir zai turo ɗaruruwan amfiya a cikin ƙiftawar ido, wayar ta yi ja, kafet ya kama. Abin da ya fi wannan muni shi ne wanda fis ya ƙone masa sau biyu, sai ya naɗa silin waya ko takardar sigari a gurbinsa ya ce an gama. Fis ɗin da ya ƙone saƙo ya kawo, cewa akwai inda wuta ke gudu ba bisa hanya ba. Wanda ya toshe bakin ɗan saƙo, gobara ce za ta zo ta ƙarasa masa bayanin.

Sai wayar at. A mota jikin ƙarfen ne hanyar da wuta ke komawa batir, saboda haka duk wutar da ta shiga amfilifaya ta nan za ta fita. Dole wayar at ta yi kauri daidai da wayar wuta, ta zama gajera, a kankare fenti da tsatsa da samfefa har ƙarfe ya yi ƙyalli, a ɗaure ta tamau da noti. Abin da muke gani shi ne 'yar siririyar waya an maƙala a notin kujera a kan fenti, an lulluɓe da salatif. Daga nan ne yawancin kukan sauron nan ke fitowa, wanda ke ƙaruwa idan an taka totur, ya ragu idan an saki. Gano tushensa ba ya cin minti biyar. A zare wayoyin sauti masu kai ja da fari daga jikin amfilifaya, injin yana aiki. Idan kukan ya ɗauke, ta wajen rediyo ko ta waɗannan wayoyi yake shigowa, sau da yawa domin an kwantar da su gefe ɗaya da wayar wuta, alhali kamata ya yi kowace ta bi nata gefen motar. Idan bai ɗauke ba, a koma kan at ɗin amfilifayar. Ina sabon batir ya shigo a nan?

Batun lumshewar fitilu kuma lissafi ne tsagwaronsa. Amfilifayar da ke ba da wat 1000 na gaskiya, idan an lissafa da abin da ke salwanta ya zama zafi, tana iya jan kusan amfiya 90 lokacin da aka ƙure ta. Altanetar ƙaramar mota galibi tsakanin amfiya 70 zuwa 100 take bayarwa, kuma a ciki fitilu da fankar lagireto da na'urar sanyaya mota da injin kansa ke cin nasu rabon. Tulun da ake zuba masa kofi ɗaya ana ɗiban biyu, ƙarewa zai yi komai girmansa. Shi ya sa sabon batir ke yin kwana biyu ya koma gidan jiya. Haka kafasitar da ake tallata wa samari da lambobi masu walƙiya: ajiye wuta take yi na ɗan lokaci, ba ta haifar da ko ɗigo. Mafita ita ce a auna. Batir mai lafiya yana nuna bolt 12.6 idan mota a kashe take, idan injin na aiki kuma wajen 13.8 zuwa 14.4. A ɗora mita a bakin amfilifaya kiɗa yana tashi. Idan batir na nuna 14 amma a but ana ganin 11, wutar a hanya take zubewa, waya ce ta yi siriri ko at ne ya lalace. Idan a kan batir ɗin ma tana faɗuwa, to kayan sun fi ƙarfin altaneta, sai dai a rage su ko a nemo babba.

A nan ne masu sayar da kaya ke da nasu kason na laifi. Za ka ga kwali an rubuta wat 3000 da manyan haruffa, kusa da shi an rubuta PMPO. Kallon kitse ake yi wa rogo. Lambar da ake dogaro da ita ita ce wadda aka rubuta RMS a gefenta. Akwai ma hanya mai sauƙi ta kama ƙarya: a duba fis ɗin da ke jikin amfilifayar. Idan na amfiya 30 ne, a ninka da bolt 14, an sami wat 420, kuma ko wannan ba duka zai zama sauti ba. Haka wayoyin da ke cika kasuwa, masu kaurin roba da ɗan silin ƙarfe a tsakiya, da yawansu alminiyon ne aka shafa wa jan ƙarfe a baya. Alminiyon kusan kashi 60 cikin 100 na abin da jan ƙarfe ke ɗauka yake iya ɗauka, saboda haka wayar da aka rubuta wa lamba 4 tana iya yin aikin da bai kai na lamba 4 ba. A kankara bakinta da wuƙa. Idan fari ya bayyana, an san abin da aka saya. Araha ba ta ado.

Akwai kuma 'yar siririyar wayar da ke tada amfilifaya idan an kunna rediyo, wadda ke shiga inda aka rubuta REM. A yawancin rediyoyin da ake saya a kasuwa shuɗiya ce mai ratsin fari. Kusa da ita akwai shuɗiya zalla, ta eriya, wadda a rediyoyi da yawa ba ta kawo wuta sai ana kama tasha. Wanda ya rikita su, sai wufa ta yi aiki a kan tashar rediyo, ta yi gum da an koma kan filash. Malalaci kuwa ba ya ma neman wayar, sai ya ɗan yi gada daga babbar wayar wuta zuwa REM. Amfilifaya ta kwana a kunne, batir ya kwana yana tsiyaya, da asuba a fito neman masu turi. Wannan kuskuren santimita biyar ne na waya, amma batir nawa aka yar saboda shi?

Idan jar fitilar nan ta PROTECT ta kama, sauti ya ɗauke, nan ma ba a fara da cewa kaya sun mutu. A cire wayoyin sifika a sake kunnawa. Idan jar ta mutu, matsalar tana wajen wufa ko wayoyinta. Wufa mai om 4 takan nuna uku da 'yan kai a mita. Idan ta nuna kusan sifili, wayoyi sun haɗu. Sannan a duba yadda aka jona su: wufa biyu masu om 4, idan aka haɗa ja da ja, baƙi da baƙi, sun koma om 2, kuma amfilifaya da yawa idan aka haɗe tashoshinta biyu suka zama ɗaya ba ta jure ƙasa da om 4. Ga kuma zafi. A watan Afrilu, lokacin da Kano da Sakkwato da Maiduguri ke haura digiri 40, sai ka ga an kife amfilifaya a ƙarƙashin kafet ko an danne ta da buhu. Dole ta kashe kanta don ta tsira.

Maɓallin da aka rubuta wa GAIN shi ne kabarin wufa da yawa. Aikinsa daidaita ƙarfin sautin da ke fitowa daga rediyo da abin da amfilifaya za ta karɓa. Masu aikin ganganci murɗa shi suke yi har ƙarshe don mai mota ya ji daɗi ya biya da sauri. Sautin ya fashe, zaren wayar da ke cikin wufa ya yi zafi, wari ya tashi, a ce wufar ce ba ta da kyau. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Mun san abin da za a ce mana. Za a ce masu motar ne ba sa son biya, suna son aikin dubu hamsin a dubu biyar. Akwai gaskiya a ciki, kuma mai motar da ya zaɓi siririyar waya don ya rage kuɗi ya sayi wahalarsa da hannunsa. Amma kankare fenti ba ya cin ko sisi, raba wayar sauti da ta wuta ba ya cin ko sisi, mita kuma ba ta kai kuɗin batir ɗaya ba. Za a kuma ce ogansu haka ya koya musu, shekara ashirin suna yi ba a taɓa gobara ba. Wanda ya tsallake rijiya da baya sau ɗari bai mayar da ita tudu ba. A cikin masu wannan sana'a akwai ƙwararru na gaske, waɗanda ke da mita a aljihu, masu iya ce wa mutum motarka ba za ta ɗauki wannan kaya ba ko da za su rasa cinikin. Su ne 'yan ganganci suka fi cuta, domin sun karya farashi sun kuma ɓata sunan sana'ar.

Ko da komai ya zauna daidai, saura kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa sama da biliyan ɗaya na cikin haɗarin rasa ji saboda sauraron sauti mai ƙarfi. A ma'auninta, ƙarar da ta kai desibel 80 ana iya jure ta awa 40 a mako, amma da ta kai 90 sai awa 4 kacal. Motar da gilasanta ke rawa ta wuce nan. Jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa, kuma direban da bai ji hon ko jiniyar motar asibiti ba, ba kansa kaɗai ya jefa a haɗari ba.

Saboda haka kiranmu ga duk mai shirin ɗaura wufa: kafin ka miƙa kuɗi, ka ce a nuna maka fis ɗin da ke kusa da batir, a nuna maka inda aka ɗaure at, a ɗora mita a gabanka kiɗa yana tashi. Idan matsala ta taso daga baya aka ce ka sayo sabon abu, ka tambayi lambar da mita ta nuna. Wanda ya ce shi ba ya buƙatar mita, da ido yake ganewa, ka karɓi makullinka ka yi gaba.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa. Allah Ya kiyaye hanya.