Gandun Dinder na buƙatar masu gadi: ina 'ya'yan Hausawan Shuɗin Nilu?

Tun da sojojin Sudan suka ƙwato garin Dinder daga dakarun RSF a watan Oktoban 2024, sannan Sinja a Nuwamba, hankali ya fara komawa kan gandun dajin Dinder, wanda aka kafa a 1935, kuma faɗinsa ya kai murabba'in kilomita dubu 10 a kan iyakar Habasha. UNESCO ta sa shi cikin wuraren da take kulawa da su tun 1979. Akwai zaki a ciki, da ɓauna, da kwanta-rafi, da gadu. Raƙumin dawa kuwa ya daɗe da ƙarewa.

A Sudan, gadin namun daji aikin 'yan sanda ne. Hukumar tana ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida, jami'anta suna da kaki da bindiga da muƙamai, suna aiki da dokar farauta da gandun daji ta 1986. Mai karatu a Nijar zai gane tsarin, don haka jami'an Eaux et Forêts suke. Ma'anar wannan ita ce digiri kaɗai ba ya ba mutum ikon kama mafarauci. Ana karanta ilimin namun daji a Jami'ar Sinnar da Jami'ar Bahri, amma sai an bi ta ƙofar 'yan sanda kafin a sa kaki. Wanda bai bi ta nan ba, abin da ya rage masa shi ne bincike, ko koyarwa, ko aiki da ƙungiyoyin kare muhalli, kuma yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya tsuke waɗannan guraben ƙwarai.

A wannan ƙofa ce Bahaushe ke cin karo da tsohuwar matsalarsa. Garin Maiwurno, kudu da Sinnar, ya samo asali ne daga hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, kuma sunan Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ya ɗauka. Shekara fiye da 100 ke nan, amma har yau Hausawa na kukan wahalar da suke sha wajen samun takardar zama ɗan ƙasa, wadda babu mai shiga 'yan sanda sai da ita. Rikicin Yulin 2022 a Rusairis da Damazin, da na Wad al-Mahi a Oktoban shekarar, wanda ya ci rayuka kusan 200 cikin kwana biyu, duk sun taso ne daga tambayar wa ke da ƙasa, wa ke da sarauta.

Alhali aikin gandun na buƙatar irin waɗannan matasa. Babban abin da ke cin Dinder ba mafarauci mai bindiga ba ne kaɗai. Manyan gonakin tarakta na Gadarif da Sinnar sun cinye makiyaya da burtali, don haka da rani garken shanu da tumaki ke kwarara fadamun gandun, waɗanda a can ake kira maya, inda namun daji ke samun ruwa da ɗanyar ciyawa. Ga masu ƙona gawayi, ga masu ɗibar zuma da ke barin wuta a baya, ga masu su. Mafi yawansu talakawa ne da ke neman na tuwo. Jami'in da ya tashi a gidan masunta ko manoman bakin kogi ya san lokacin da kifi ke ƙwai, ya san wanda za a yi wa magana a ƙauye kafin a kai ga kame. Wanda aka turo daga Khartum sai ya shekara yana koyon wannan.

Sai dai aikin ba na jin daɗi ba ne. Albashi a fam ɗin Sudan da ya karye bai taka kara ya karya ba, damina na yanke hanyoyin gandun na tsawon watanni, kuma makamai sun yawaita a hannun jama'a tun bayan fara yaƙin. Ga wanda ya samu shiga ya kuma jure, akwai makarantun ƙaro ilimi da aka gina don wannan sana'a: ta Mweka a Tanzaniya ga mai Turanci, da ta Garwa a Kamaru ga mai Faransanci.