Ra'ayinmu: Lafawar annoba ba ƙarewarta ba ce

A ranar 5 ga watan Mayu na 2023 ne Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta cire cutar korona daga matsayin lamarin gaggawa na duniya. Tun daga nan mutane da dama suka rufe babin. Mu dai muna ganin akwai darasin da bai kamata mu rufe da shi ba: annobar ba sau ɗaya ta zo ba, zagaye-zagaye ta yi ta yi, kuma kusan duk dawowarta sai ta tarar da jama'a sun saki jiki.

A nan Nijar, ranar 19 ga Maris na 2020 aka tabbatar da mutum na farko da ya kamu. Nan take aka rufe iyakoki, makarantu da wuraren ibada, aka killace birnin Yamai tare da kafa dokar hana fitar dare. A farkon watan Mayu cutar ta yi ajalin ministan ƙwadago, Mohamed Ben Omar. Daga baya ta lafa, aka buɗe masallatai, aka jingine takunkumi. Sai ga shi a watan Disamba, ana tsakar hada-hadar zaɓe, ta dawo da yawan da ya zarce na farko.

Haka abin ya kasance a sauran ƙasashe. Nau'in Delta ya cika asibitocin Indiya a Afrilu da Mayun 2021, har iskar oksijin ta yi ƙaranci. A watan Nuwamba na wannan shekara Afirka ta Kudu ta ba da sanarwar nau'in Omicron, wanda ya game duniya cikin ƴan makonni. OMS ta ƙiyasta cewa a 2020 da 2021 kaɗai annobar ta jawo asarar rayuka kimanin miliyan 15. Ko murar 1918 ma, zagayenta na biyu ne ya fi kisa.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Ƙwayar cutar tana sauya kama yayin da take yawo tsakanin mutane. Garkuwar da jiki ya samu daga kamuwa ko allura tana raguwa da tafiyar lokaci. Ga kuma gajiya: mai neman na cefane kullum ba zai iya zaman gida wata da watanni ba.

Sai dai babban abin da ya dame mu shi ne yarda. An sauke dokokin farko a kan talakawa ba tare da isasshen bayani ba, har aka yi tarzoma a Mirriya da wasu unguwannin Yamai kan rufe masallatai. Watannin da cutar ta lafa su ne lokacin zama da malamai, sarakuna da ƙungiyoyin mata domin gyara wannan ɓaraka. Da allurar rigakafi ta iso a Maris na 2021, jita-jita ta riga ta shiga gidaje.

Jama'a, ba a fafe gora ranar tafiya. Mun san sanƙarau da rani, mun san kwalara da damina, duka suna tafiya suna dawowa. Don haka muna kira ga gwamnati da ta tanadi oksijin da kayan gwaji a asibitocin jihohi tun yanzu da ake zaune lafiya, ta kuma riƙa faɗa wa jama'a gaskiyar alƙaluma da harsunansu. Shugabannin al'umma a sa su cikin shawara kafin a yanke doka. Mu kuma ƴan jarida da gidajen rediyon karkara, kada mu yi shiru don kawai gadajen asibiti sun ragu da marasa lafiya. Allah Ya kiyashe mu da wata annobar, amin.