Fangio, Sarkin Tseren Mota

 Wannan mako ina so in ba ku labarin wani direba wai shi Juan Manuel Fangio, don na ga samari da yawa suna zaton gwanintar tuƙi duk ga gudu take.

An haife shi a garin Balcarce, cikin ƙasar Ajantina, a shekarar 1911. Tun yana yaro ya bar makaranta ya kama koyon gyaran mota. Da aka fara babban tseren duniya da ake kira Formula 1 a 1950, shi ya kusa shekara 40. Motocin tseren nan mutum guda suke ɗauka, ba su da rufi, ƙafafunsu huɗu duk a waje. A zamanin nan direbobi da yawa sun halaka cikinsu.

Duk da haka sau biyar yana zama zakaran duniya, watau 1951, da 1954, da 1955, da 1956, da 1957, da motocin kamfani huɗu: Alfa Romeo, da Maserati, da Mercedes, da Ferrari. Cikin tsere 52 ya ci 24. Wanda ya fara wuce shi yawan sarautar nan shi ne Michael Schumacher, mutumin Jamus, a 2003.

To, mene ne asirinsa? Ni a ganina lura ce. A tseren Monako na 1950 yana kan gaba, ya doshi wata kwana, sai ya ga 'yan kallo sun juya masa ƙeya suna duban wani wuri. Nan take ya gane ba lafiya, ya taka birki. Ashe motoci ne suka yi karo suka tare hanya. Ya raɓa ya wuce, ya kuwa ci tseren.

Amma ran da ya ƙi lura da kansa ya ji jiki. A 1952 ya kwana yana tuƙi don ya riski wani tsere a Monza, ƙasar Italiya. Ya iso a gajiye, ya shiga ba hutawa, motar ta kife da shi, ya karye a wuya. Sauran shekarar nan duk jiyya ya yi. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Ya bar tsere a 1958 da ƙafafunsa, ya rasu a 1995 yana da shekara 84.

Saboda haka, ku masu riƙe da sitiyari, in barci ya iya kayar da zakaran duniya, ku fa? Shi kansa kaɗai ya ɗauka, ku kuwa rayukan mutane ne bayanku. Wanda ya ji gyangyaɗi ya tsaya ya huta tukuna.

Iyakar abin da zan faɗa ke nan. Sai mako mai zuwa.