Idan burauza ta ce a sabunta Flash, a fara tambayar wa ke magana

Sau da yawa mutum yakan sabunta Windows, ya buɗe burauza, sai ga gargaɗi da Faransanci ko da Turanci cewa wata 'yar manhaja da ke liƙe da burauzar ta tsufa, a latsa nan a sauke sabuwa. Ra'ayina shi ne kada a latsa. Mafi yawan irin waɗannan manhajoji an yi ritayarsu, maganinsu cirewa ne.

Dubi Flash, wadda ta fi kowace shahara. Tun a watan Yuli na 2017 kamfanin Adobe ya sanar cewa zai daina kula da ita a ƙarshen 2020, kuma daga 12 ga Janairu 2021 ya toshe ta. Microsoft ya fitar da sabuntawa mai lamba KB4577586 wadda aikinta kawai ta goge Flash daga Windows, Chrome kuma ya yar da ita a fitowarsa ta 88. Kafin haka, a 2015, Chrome ya rufe ƙofar da Java da Silverlight ke shigowa ta cikinta, Firefox ya bi sahu a 2017. Saboda haka duk shafin da ya miƙo maka "sabuwar Flash" a yau kura ce da fatar akuya. Abin da za ka sauke muguwar manhaja ce mai iya kwashe kalmomin sirrinka ko ta cika allonka da talla.

Yaya za a gane mai magana? Rufe shafin, ka buɗe wani daban. Idan gargaɗin ya ɓace, daga shafin ya fito, burauzarka lafiya take. Idan ya ci gaba da bayyana ko'ina, shiga saitin burauzar ka tabbatar ita kanta sabuwa ce, sannan ka duba jerin abubuwan da aka liƙa mata. A Chrome ana rubuta chrome://extensions a wurin adireshi. Duk abin da ba ka san shi ba, ko ka daɗe ba ka yi aiki da shi ba, cire shi, ka sake kunna kwamfutar.

Wani zai ce yana da tsoffin darussa ko wasanni da ba sa buɗewa sai da Flash, don haka gara ya ƙi sabunta Windows. Damuwarsa gaskiya ce, amma hanyar da ya zaɓa tana barin kwamfutar a buɗe ga ɓarayi. Akwai manhajar kyauta mai suna Ruffle da ke iya buɗe da yawa daga cikin tsoffin fayilolin Flash, da ita ma Internet Archive ke aiki.

Nauyin da ya rage yana kan masu shafuka. Makaranta ko ofishin da har yanzu shafinsa ke neman Flash yana koya wa ɗalibai latsa abin da zai cuce su. Ya kamata a rubuta wa mai kula da shafin a nemi ya gyara.