Kwamfutar tebur ta ƙi tashi? A dakata da maganar fomat tukuna

Wanda ya taso da wayar Android a hannu ya saba da magani ɗaya: in ta rikice, a kai ta a yi mata filashin. Wannan tunanin ne matasa da yawa ke ɗorawa a kan kwamfutar tebur, musamman masu shagon buga takardu da ɗaliban da aikin kammala karatunsu ke cikinta. Da zarar ta ƙi tashi, sai a ce a yi fomat, ko mai gyara ya leƙa sau ɗaya ya ce bod ya ƙone. Duka biyun garaje ne, kuma na farkon ya fi muni, domin kwamfutar da wuta ba ta shiga cikinta ba ruwanta da Windows. Abin da fomat zai yi kawai shi ne share takardun mutane da hotunansu.

Bambancin da ake mantawa shi ne kwamfutar tebur sassa ce da aka harhaɗa, kowanne ana iya gwada shi daban, kuma yadda ta ƙi tashin yana nuna inda ciwon yake.

Idan aka danna maɓalli babu fitila, babu motsin fanka, to a bi hanyar wuta. A gwada soket da cajar waya. A canza igiyar wutar da ta sikirin, tunda galibi iri ɗaya ce, kuma filogi mai baki uku yana da fis a ciki wanda kan mutu shiru. A cire igiyar, a danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 30, sannan a mayar. Sai bayan haka zargi ya koma kan fawa-fak, akwatin da ke mayar da wutar gida zuwa bolt 12 da 5 da 3.3 da sassan ciki ke ci. Shi ne ke fara shan dukan wutar da ake ɗaukewa ana dawowa da ita, da ta janareta mai hawa da sauka, kuma canza shi ya fi canza bod araha nesa ba kusa ba.

Akwai wani tarko da ya shafi tsofaffin kwamfutoci 'yan gwanjo da aka shigo da su daga Amurka. Wasu na da ɗan jan makunni a baya mai lamba 115 da 230. Wutar Najeriya da Nijar tana wajen bolt 220 zuwa 230 ne, don haka in yana kan 115 aka jona, ƙara ɗaya za a ji sai hayaƙi. Shi kuwa cikin fawa-fak ba wurin karambani ba ne: yana riƙe caji ko an zare shi daga wuta. Canza shi ake yi dungurungum.

Idan kuma fanka na juyawa amma sikirin baƙi ƙirin, ko tana ƙarar "bip-bip", RAM ne babban abin zargi. Ƙurar hunturu da zafi kan sa ya daina zama daram a raminsa. A zare wuta, a taɓa ƙarfen akwatin da hannu, a ciro shi, a kakkaɓe ƙurar, a mayar har ya yi ƙas. Kwamfutocin Dell da HP ma suna faɗin matsalarsu da yawan ƙarar ko ƙiftawar fitila, kuma wayar da ke aljihu ta isa a nemo ma'anarsu da lambar samfurin.

Wadda ke tashi ta tsaya tana neman a danna F1, agogonta ya koma shekarun baya, ɗan batirin CR2032 ne da ke kan bod ya ƙare. Wani lokacin ma filas da aka manta a jiki ne ya hana ta gano Windows.

Gaskiya ne bod yana ƙonewa, kuma akwai masu gyara na ƙwarai. Amma na ƙwarai ba ya yanke hukunci sai ya gwada wani fawa-fak da wani RAM a gaban mai kaya. Ko da bod ɗin ya mutu da gaske, rumbun ajiyar bayanai yakan tsira, ana iya ciro shi a jona a wata kwamfutar a kwashe komai kafin a taɓa maganar fomat.