Na'ura da Abokin Ciniki: Wa Zai Yi Wa Wani Hidima?

Ina so mu dubi wani al'amari da ya shigo kasuwanninmu, watau sa na'ura ta kula da abokin ciniki.

Tun da wayar hannu ta shigo ƙasar nan a 2001, sha'anin ciniki ya sauya. Yau mai shinkafa a Tudun Wada yana iya jin farashin Kano bai tashi daga rumfarsa ba. Mai masara a Doguwa kuwa yana iya gama ciniki da ɗan kasuwar Kwanar Ɗangora kafin mota ta ɗauki buhu ɗaya. Da ƙarancin takardun naira ya auku a farkon 2023, har waɗanda ba su son banki sai da suka koyi tura kuɗi ta waya, masu POS kuma suka yawaita a Kiru da Bebeji.

To, ga wani sabon abu kuma, wai shi ƙirƙirarriyar basira. Wannan dabara ce ta koya wa kwamfuta magana daga tarin rubuce-rubucen mutane, har ta riƙa amsa tambaya kamar mutum. Bankin UBA ya fito da irin wannan mai amsa tambaya, mai suna Leo, a 2018, sa'an nan ChatGPT ya bayyana a 2022. Amfaninta a fili yake. Ba ta barci, ba ta gajiya, ba ta kuma duban rigar mutum kafin ta saurare shi.

Amma fa akwai gyara. Mu ɗauki manomin da ya sayar da amfanin gonarsa, aka ce an turo masa kuɗi, kuɗin kuwa suka maƙale a hanya. Idan ya nemi taimako, na'ura ta amsa masa da Turanci, a rubuce, alhali bai yi boko ba, ina amfanin baɗi ba rai? Ga taki yana jiransa, ga kuɗin makarantar yara. Ban da haka, na'urar nan takan faɗi abin da ba daidai ba, kuma ba ta jin kunya.

A ganina, duk banki ko kamfanin da ke son cinikin mutanenmu, wajibi ne ya cika sharuɗɗa uku. Na farko, na'urarsa ta ji Hausa, ta kuma amsa da murya. Na biyu, in matsala ta gagare ta, nan take ta haɗa mutum da ma'aikaci mai rai. Na uku, in ta yi kuskure, mai ita ya ɗauki asarar, kada a ɗora wa talaka.

Mu ma ɗalibai muna da namu aikin. Mu riƙa karanta wa iyayenmu saƙon banki, mu nuna musu yadda za su duba asusunsu kafin su saki kaya, don gudun saƙon ƙarya. Mu gargaɗe su kada su ba kowa lambar sirrinsu.

Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Na'ura tabarma ce mai kyau, amma fara'a da riƙon amana suna wuyan ɗan kasuwa. Allah Ya sa albarka a kasuwanninmu, amin.