Kafin ka dasa wa Golf ɗinka koyiloba, tuna hanyar Tsafe

Duk mai bibiyar bidiyon motoci a TikTok ko Instagram ya saba ganin tsofaffin ƙananan motoci da aka sauke har cikinsu na neman taɓa kwalta. Abin da ake sa musu shi ne koyiloba, wato shokozoba da sifirin a haɗe, da zare a jikinsa kamar na kusa mai murɗi. Ka juya zoben da sifana, motar ta sauka ko ta ɗaga. Yanzu matasa a Gusau sun fara tambayar kuɗinsa, musamman masu Golf 3. Ra'ayina shi ne fasahar tana da kyau, amma sauke mota a nan ɓarnar kuɗi ce, kuma tana iya zama kasada da rai.

Gaskiya ne cewa motar da ta yi ƙasa ba ta karkata sosai a kwana, kuma tana kama hanya. Sai dai wannan amfanin na titi mai santsi ne, irin wanda kamfanonin Jamus kamar KW da Bilstein ke ƙera kayansu dominsa. Golf 3 kuwa, da Volkswagen ta fito da ita a 1991, ta samu karɓuwa a tashoshinmu ne saboda tana jure rami da lodi. Dama can sifirin ɗinta a kan shokozoba yake gaba da baya. Babban abin da koyiloba zai ƙara maka shi ne damar sauya tsayi, kuma yawancin waɗanda ake sayarwa don saukewa aka yi su.

To, sauke ta ka kama hanyar Bungudu ranar kasuwa, da mutum biyar da buhun masara a but. Tudun rage gudu na farko zai gaisa da salansa. Rami mai zurfi kuma zai iya fasa kwanon baƙin mai da ke ƙasan inji, man ya tsiyaye, injin ya buga kafin ka ankara. Kowa ya san halin tsaron da hanyar Gusau zuwa Tsafe da Funtuwa ke ciki. Motar da ta tsaya maka a daji da yamma, maganarta ta wuce ta kuɗin gyara.

Akwai kuma abin da bidiyo ba ya nunawa. Koyiloba mai araha sifirin ɗinsa na da tauri, duk dukan da ya ƙi shanyewa jikin mota mai kusan shekara 30 ne zai sha, da bayanka. Ƙurar hunturu da ruwan damina na shiga zaren ya cije, har zoben ya ƙi juyawa. Duk sanda ka taɓa tsayin kuma sai an sake saitin ƙafafu, in ba haka ba taya ta cinye gefe ɗaya.

Idan kuɗin na hannunka, fara da sabbin shokozoba irin na asali, robobin ƙafa, birki da tayoyi masu kyau. Za ka ji motar ta canza tun daga kwanar farko. In kuma ka nace sai koyiloba, tambayi mai sayarwa ko yana kaiwa tsayin da kamfani ya ba motar, ka sa bakanike ya saita shi a can. In ya ce ba ya kaiwa, bar masa kayansa.